Zaɓen magajin garin New York na 2025: mai ƙaramin gida da bashi a wuya, me Mamdani zai yi masa? (Hirar zaure ta Oktoban 2025, kafin zaɓen)

Bakatsine_Bronx
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma don Allah waɗanda suka san abin nake so su amsa, ba 'yan "namu ne kawai" ba. Shekara tara ke nan da na sayi gida mai hawa biyu da bashin banki. Ni da iyali muna ƙasa, saman na ba da haya, da kuɗin hayar nake cika abin da nake biyan banki duk wata. Bara aiki ya yi mini tsaiko wata biyar, kuɗin ruwan famfo ya taru, har takarda ta zo bana cewa in ban daidaita ba za a sayar da bashin. Na daidaita, alhamdu lillahi, amma har yau in na ga ambulan mai tambarin hukuma gabana faɗuwa yake.

To ga zaɓe ranar 4 ga Nuwamban 2025. Yarana sun cika mini kunne da Zohran Mamdani. Ni kuwa abin da na fi ji daga bakinsa shi ne hana ƙarin kuɗin haya da maganar sauyin yanayi. Mutum irina, da ba attajiri ba kuma ba ɗan haya ba, ina matsayinsa? Kada in je in zaɓi wanda zai ɗaure mini hannu a kan haya, ya kuma ce in cire boila in sa na lantarki.

DanZango_Nima
Wa alaikumus salam. Alhaji, Musulmi ne, a Kampala aka haife shi, sunansa na tsakiya ma Kwame, don Kwame Nkrumah ubansa ya sa masa. Me kuma ake nema?

Bakatsine_Bronx
Ɗan'uwa, kai nake nufi da na ce ban da 'yan "namu ne". Banki ba ya karɓar Kwame.

Lissafi_Dalla
Alhaji, bari in fara cire maka tsoro biyun nan, don duka biyu ba su shafi gidanka ba.

Hana ƙarin haya da yake alkawari a kan gidajen da doka ta ƙayyade hayarsu ne kaɗai, kusan miliyan ɗaya a birnin nan, yawanci gine-gine masu mazauni shida zuwa sama da aka gina kafin 1974. Hukuma ce mai mutum tara take yanke ƙarin duk shekara, kuma magajin gari ne yake naɗa su. A 2025 sun amince da kashi 3 ga mai sa hannun shekara ɗaya, kashi 4.5 ga mai shekara biyu. Gidanka mai iyali biyu ba ya cikin wannan tsarin.

Maganar boila kuma, dokar hayaƙin gine-gine da ake ce wa Doka ta 97, ta 2019 ce, tun zamanin tsohon magajin gari Bill de Blasio, kuma ginin da ya haura ƙafa 25,000 murabba'i take kamawa. Shi Mamdani cewa ya yi zai tsaya a aiwatar da ita yadda take. Sai dai in gidan naka ya kai girman wani masallacin Juma'a ba mu sani ba.

Hajiya_Fordham
Lissafi, Allah ya yi maka albarka. Ni wannan hana ƙarin hayar shi ya shafe ni kai tsaye. Shekara goma sha shida ina ɗaki ɗaya, duk sabunta takarda sai an ƙara, fenti kuwa sau ɗaya aka taɓa yi. Kuma ba sabon abu ba ne, a lokacin de Blasio an yi shekarun da ba a ƙara ko sisi ba ga masu takardar shekara ɗaya, 2015 da 2016 da 2020. Sama ba ta faɗo ba.

Direba_174
Alhaji Bakatsine, ni ba zan yi maka lissafi ba, abin da idona ya gani zan faɗa. Ka san yadda lambar tasi mai ruwan ɗorawa ta haura dala miliyan ɗaya wajen 2014, mutane suka ci bashi suka saya, wasu har gidajensu suka jinginar, sannan motocin hayar da ake kira ta manhajar waya suka shigo farashin ya rushe. Direbobi sun kashe kansu a garin nan saboda wannan bashin, mun yi jana'iza, mun yi zaman makoki. A 2021 ƙungiyar direbobin tasi ta yi zaman dirshan a bakin ofishin magajin gari, aka shiga yajin cin abinci. Yaron nan, yana ɗan majalisar jiha, ya yi kwana 15 ba ya cin komai tare da direbobi. Ƙarshe aka sasanta aka mai da bashin mutum bai wuce dala 170,000 ba, birni ya tsaya a matsayin mai lamuni. Akwai abokina da bashinsa ya haura dala dubu ɗari biyar kafin nan. Yau yana barci.

Wanda ya yi yunwa saboda bashin wani, ni dai na yarda ya san zafin bashi.

Tsohon_Kansila
Direba, na ji, kuma ba na musun labarinka. Amma yajin cin abinci daban, riƙe birni mai ma'aikata wajen dubu ɗari uku da kasafin da ya haura dala biliyan 100 daban. Yaro ne mai shekara 34, a 2020 aka fara zaɓensa daga unguwar Astoria ta Queens, bai taɓa riƙe ko ma'aikata ɗaya ba. Ni na yi siyasa a gida kafin in zo nan, na san yadda baki yake zaƙi kafin zaɓe. Abokin hamayyarsa Andrew Cuomo ya yi gwamnan jihar nan fiye da shekara goma. Kuma tunda maganar yanayi kuke so, ai shi ya sa hannu a babbar dokar yanayi ta jihar nan a 2019, wadda ta ce kashi 70 na lantarki ya fito daga rana da iska da ruwa kafin 2030. Shi ya hana fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don haƙo gas a jihar. Wannan aiki ne da aka gani a ƙasa.

Kuma ku tuna, a zaɓen fid da gwani na 24 ga Yunin 2025, duk da Mamdani ya ci da kusan kashi 56 a ƙidayar ƙarshe, Bronx ɗinmu Cuomo ta bi. Mutanen nan ba wawaye ba ne.

Uwar_Biyu
Baba Kansila, da girmamawa, ka manta ka faɗi yadda ya bar kujerar a Agustan 2021. Mata da yawa ne suka kai ƙara cewa ya nemi cin zarafinsu ta hanyar lalata. Ya musanta, na sani, amma murabus ya yi, ba wa'adi ne ya ƙare ba.

Tsohon_Kansila
Ban manta ba 'yata. Tambayar Alhaji a kan gida ce shi ya sa na tsaya a nan.

Lissafi_Dalla
To mu tsaya a kan gidan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kafin Mamdani ya shiga majalisa aikinsa ke nan. Mai ba da shawara ne ga waɗanda ake shirin ƙwace wa gida, a wata ƙungiya mai suna Chhaya a Queens, wadda ta fi hulɗa da 'yan Indiya da Bangladash da 'yan Guyana da makamantansu. Mutum ya zo da takardun kotu hannunsa na rawa, a zauna a duba, a kira banki, a nemi sassauci. Shi da kansa yana cewa wannan aikin ne ya tura shi takara.

Abin da ya sa a gaba game da masu ƙananan gidaje kuwa, uku na riƙe. Zai daina sayar da bashin haraji da na ruwa, wato ainihin abin da ya tayar wa Alhaji hankali. Zai buɗe ofishi na musamman don yaƙi da masu satar takardar mallakar gida. Sannan zai nemi a gyara harajin gidaje, don a halin yanzu mai gida a Bronx ko kudu maso gabashin Queens yana biyan kaso mafi nauyi in aka gwada da darajar gidansa, fiye da mai gidan miliyoyi a wasu unguwannin Brooklyn. Wannan na ukun ya jawo masa surutu, saboda takardar tasa ta ambaci unguwannin masu kuɗi da suka fi yawan farar fata, abokan hamayya suka ce wariya ce.

Bakatsine_Bronx
Wannan sayar da bashin shi nake so a warware mini. Ni na ɗauka gidan za a yi gwanjonsa kai tsaye.

Anti_Mai_Takardu
A'a Alhaji. Na yi shekaru ina taya mutane cike takardu a masallaci, bari in faɗa yadda yake. Birni ba gidanka yake sayarwa ba, bashin da yake binka yake sayar wa wata amintacciyar asusu da masu zuba jari ke bayanta. A 1996 aka fara, zamanin magajin gari Giuliani. Da zarar an sayar, sai a ɗora ruwa da kuɗin hidima, kuɗin ruwan famfo ya haifi kuɗin ruwan banki. Bashin da kake iya biya a wata shida sai ya zama dutse. In ka kasa, su ne za su kai ka kotu su nemi a ƙwace gidan. An dakatar da shi bayan na 2021, aka dawo da shi a 2025.

Abin da yake ba ni haushi, kafin a sayar ana aiko takarda har sau huɗu, saura kwana 90, saura 60, saura 30, saura 10. Mutanenmu ba sa buɗewa. Wallahi na ga dattijon da ya tara ambulan cikin ledar shinkafa, wai yana jiran ɗansa ya zo hutu ya karanta masa. Alhali in ka je da wuri akwai tsarin biya kaɗan-kaɗan, akwai sassauci ga tsofaffi da naƙasassu.

Bashin banki ma haka. A jihar New York ba a ƙwace gida sai ta hannun kotu. Dole a ba ka sanarwar kwana 90 kafin a shigar da ƙara, kuma dole a kira zaman sulhu a gaban kotu. Ko wa ya ci zaɓe wannan haƙƙinka ne. Kada ka gudu daga gidanka don ka ga takarda, kuma kada ka sa hannu a komai don wani mai kwat ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya zo ceto. Ta nan ake sace gidaje.

Tsohon_Kansila
To in an daina sayar da bashin, wanda ya ƙi biyan haraji da gangan fa? Akwai manyan masu gine-gine da suke fakewa a bayan irin su Alhaji. Kuɗin makaranta da 'yan kwana-kwana daga harajin gida suke fitowa.

Lissafi_Dalla
Tambaya ce mai kyau Baba, kuma gaskiya nan ne aikin yake. Masu neman a soke ba cewa suke a yafe ba, cewa suke birni ya riƙe bashinsa ya bi da kansa, kada ya miƙa wa 'yan kasuwa. Amma dole majalisar birni ta yarda da abin da zai maye gurbinsa. Gyaran harajin gida kuwa sai Albany, wato gwamnatin jiha, ta sa hannu. De Blasio ya kafa kwamiti a kai, kwamitin ya ba da rahoto, ga mu nan har yau.

MalamNaTremont
Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne asalin ciwon, wato riba, kuɗin ruwan bashi. Muna ta neman wanda zai sassauta mana igiya, ba mu tambayi yadda muka sa wuya a ciki ba. Ba ina zargin kowa ba ne, na san halin ƙasar nan, kuma malamai sun yi saɓani a kan wanda larura ta sa ya sayi gidan zama da irin wannan bashi. Amma matasa da ba su shiga ba tukuna, su bincika kamfanonin da ke saye tare da kai kuna raba mallaka kafin su ruga banki.

Bakatsine_Bronx
Allah gafarta Malam, gaskiya ne. Lokacin da na saya na bincika, abin da za a fara ajiyewa ne ya fi ƙarfina. Allah ya yafe mana.

Uwar_Biyu
Malam, su ma in ka kasa biya ba addu'a suke yi maka su tafi ba fa. Gidan ake sayarwa.

MalamNaTremont
Haka ne Hajiya, ban ce sadaka suke yi ba.

Injiniya_Astoria
Ni a mazaɓarsa nake zaune, kuma aikina ya shafi wutar lantarki, bari in sa baki a ɓangaren makamashi don naga ana haɗa abin da magajin gari zai iya da wanda ba zai iya ba.

Abin da ya yi a baya a bayyane yake. Kamfanin NRG ya so ya sabunta tasharsa ta Astoria da sabon injin gas, mutanen unguwa suka tashi, yana cikin na gaba-gaba, a Oktoban 2021 hukumar muhalli ta jiha ta hana izini. Sannan yana cikin waɗanda suka matsa har aka sa dokar nan cikin kasafin 2023, wadda ta ba hukumar lantarki ta jiha, NYPA, damar gina tashoshin sola da na iska da kanta, ta kuma ce ta rufe ƙananan tashoshinta na gas da ke cikin birni kafin ƙarshen 2030 in wutar za ta wadata ba su. Wasu daga cikin tashoshin nan a Port Morris suke, kudancin Bronx. A 2001 aka kafa su da sunan na wucin gadi.

Amma farashin wuta ba a hannun magajin gari yake ba. A Janairun 2025 kamfanin wuta na Con Edison ya nemi ƙarin kusan kashi 11 a lantarki da kashi 13 a gas. Mamdani ya yi adawa, ya ce zai sa birni ya tsaya da ƙarfi a gaban hukuma. Iyakar abin da zai iya ke nan, domin hukumar da ke yanke farashin ta jiha ce, gwamna ke naɗa mambobinta. Duk wanda ya ce maka in ya ci bil ɗinka zai ragu a watan Janairu, yaudararka yake.

Baba Kansila kuma, tunda ka kawo aikin Cuomo, ka haɗa da Indian Point. Shi ya dage sai an rufe tashar nukiliyar nan, aka rufe a Afrilun 2021. Tana ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar birnin nan da Westchester, ba hayaƙi. Da ta tafi gas aka ƙara ƙonawa. Gaskiya kuma, ba Cuomo kaɗai ba, masu rajin muhalli da yawa sun yi murna a lokacin, yanzu wasunsu sun yi shiru.

DanMaradi
Ni fa maganar sauyin yanayin nan a wurin zaɓen magajin gari ban gane mata ba. Duniya ce ke ɗumama, China da Indiya na ƙona gawayi, Trump ya sake fitar da Amurka daga yarjejeniyar Paris. Mutum ɗaya a New York zai sanyaya ta? A bar mu da haya da tsaro.

Uwar_Biyu
Yaya DanMaradi, ka zo gidana da ƙarfe uku na dare lokacin da ƙaramin ke neman numfashi, sai in nuna maka inda maganar take. Muna zaune tsakanin babbar hanyar Cross Bronx da manyan motocin kasuwar Hunts Point. Yarana biyu duk asma, a ajinsu ma abin shaƙa kamar fensir, kowa da nasa a jaka. Ba ruwana da ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Hayaƙin da ke shiga ta tagata nake magana.

Shirinsa na makarantu shi ya ja ni. Ya ce makarantun gwamnati 500 za a sa musu sola a rufi a gyara na'urorin iska da sanyaya ɗaki, filayen wasa 500 a cire kwalta a dasa itatuwa, makarantu 50 kuma su zama mafaka lokacin ambaliya ko tsananin zafi. Makarantu dai a hannun magajin gari suke, wannan ba sai ya roƙi kowa izini ba, kuɗi kawai zai nemo.

DanMaradi
Allah ya ba su lafiya Hajiya. Ban yi nufin raina abin ba. "Kuɗi kawai" ɗin nan dai shi ne duka maganar.

Tsohon_Kansila
Yauwa. Bas kyauta, renon yara kyauta, shagunan abinci na gwamnati, yanzu ga sola a makaranta 500. Ya ce zai ƙara harajin kashi 2 ga mai samun sama da dala miliyan ɗaya a shekara, ya kai na kamfanoni kashi 11.5 kamar New Jersey. Duk biyun sai majalisar jiha da gwamna sun yarda. Gwamna Kathy Hochul ta mara masa baya a Satumban 2025, amma ta sha faɗin ba ta son ƙara haraji, ga zaɓenta a 2026. In kuɗin bai zo ba, harajin da birni ke iya taɓawa da kansa wanne ne? Na gida. Alhaji Bakatsine, ka riƙe wannan.

Bakatsine_Bronx
Wannan ta shige ni Baba.

Lissafi_Dalla
Ta shiga, amma ba Mamdani kaɗai ta shafa ba. Duk wanda ya hau, in Washington ta yanke tallafi, ramin ɗaya ne zai tarar. Bambancin shi ne wa zai fara dubawa in ana neman inda za a yanka.

Kanawa_Daga_Gida
Ina bin ku daga Kano cikin duhu, da cajin da na saya a shago. Ku kuna faɗa a kan kashi 11, mu a Afrilun 2024 aka wayi gari 'yan rukunin A sun tashi daga naira sittin da wani abu zuwa 225 a kan yunit ɗaya. Ku aiko mana da yaron in kun gama da shi.

DanZango_Nima
Ku bi layi, Accra ce farko, sunanmu gare shi.

Hajiya_Fordham
Ku bar wasa, akwai abin da nake so in tuna wa DanMaradi. Ranar 9 ga Janairun 2022, gobarar benen haya na Twin Parks, nan kusa da ni. Mutum 17, takwas yara, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya. Hitar lantarki ce ta kama, ƙofa ba ta rufe kanta ba, hayaƙi ya bi bene. Na je jana'izar, ban taɓa ganin akwatuna jere haka ba. Me ke sa uwa ta kwana da hita a kunne in ɗakinta da ɗumi? Shi ya sa ni in an ce makamashi, ba sola nake fara tunawa ba, boilar gidan haya nake tunawa.

Kuma tunda sanyi ya kama, doka ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, da rana in waje ya yi ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Fahrenheit dole cikin ɗaki ya kai 68, da dare kuma 62 ko yaya waje yake. In babu, ku kira 311, layin ƙorafi na birni, ku rubuta lambar ƙorafin. Mai gidanmu sai da muka haɗu mu tara muka kira rana ɗaya sannan ya turo mai gyara.

Direba_174
Allah ya jiƙansu. Ni kuma daren guguwar Ida ba zan manta ba, 1 ga Satumban 2021. Ina kan hanya a Queens ruwa ya kai ƙofar mota, na bar ta na hau kan dakali. Sama da inci uku cikin awa ɗaya aka auna a Central Park. Mutum 13 suka rasu a birnin, 11 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Kuma wa ke kwana a ƙarƙashin ƙasa in ba mu baƙi ba? Shekarata ta farko a ƙasar nan a irin ɗakin na yi, taga ɗaya kamar ta kurkuku.

Bakatsine_Bronx
Direba ka taɓo wani wuri. Bayan Ida ruwa ya shiga ƙasan gidana ya lalata boila, inshora ta ce ambaliya ba ta cikin yarjejeniya. Daga aljihu na gyara, kuma in na bi diddigi daga nan lissafina ya fara karkacewa, tun kafin tsaikon aikin. Kuɗin inshorar kansa kuma kullum sama yake yi. Ban taɓa haɗa wannan da maganar yanayi ba sai yanzu da nake rubutawa.

Injiniya_Astoria
Alhaji, magudanan birnin nan yawancinsu an gina su ne don ruwan da bai kai inci biyu a awa ba. Faɗaɗa su aikin birni ne, kuma da kuɗin ruwan famfo ake yinsa, wato bil ɗin da ya kusa kai ka ƙasa. Shi ya sa cire kwalta a filin makaranta ba ado ba ne, ƙasa ce ke shanye ruwan kafin ya gangaro ƙasan gidanka. Amma kada in yi maka ƙarya, fili 500 ba zai hana irin Ida ba. Kuma ni ƙorafina da Mamdani shi ne a yaƙin neman zaɓen nan ya rage maganar yanayi sosai, ya koma haya da bas da renon yara. Wanda ya san shi a Astoria zai ga bambanci.

Uwar_Biyu
Ai da ya tsaya a kan yanayi da irin su Yaya DanMaradi ba su saurare shi ba.

DanMaradi
Har yanzu ban ce na saurara ba. Amma ranar da hayaƙin dajin Kanada ya rufe garin nan a Yunin 2023, sama ta yi ja kamar hazon hunturu a Maradi, na yi waya gida na ce musu ya biyo ni.

Dalibi_Lehman
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Bas kyautan da Baba Kansila ya lissafa cikin mafarki, an gwada shi. Daga Satumban 2023, layi ɗaya a kowace gunduma, namu Bx18 ne, kuma Mamdani na cikin waɗanda suka samo shi a majalisa. Na hau shi shekara guda ina zuwa makaranta. An daina ne da ba a sabunta kuɗin ba a Albany.

Tsohon_Kansila
Ɗana, ka maimaita jimlarka ta ƙarshe a hankali.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a, tunatarwa kafin a ci gaba. Wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya kuskura ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a, ko da yana da katin zama na dindindin. Dokar birni da ta so ba masu katin damar zaɓen magajin gari, babbar kotun jiha ta soke ta a Maris ɗin 2025. Kuskure a nan yana iya jawo kora daga ƙasa. Masu ƙuri'a kuma, rajistar zaɓen 2025 na rufewa 25 ga Oktoba, ranar ce kuma ake fara zaɓen wuri har zuwa 2 ga Nuwamba. Sunan magajin gari Eric Adams zai fito a takarda duk da ya janye, kada ya ruɗa ku. Curtis Sliwa, ɗan takarar jam'iyyar Republican, ma yana nan, ban ga wanda ya ambace shi ba.

DanZango_Nima
Mai jar hula? A bar shi da kyanwoyinsa.

Bakatsine_Bronx
Na gode ƙwarai. Na fahimci hana ƙarin haya da Doka ta 97 ba su taɓa ni ba, kuma sayar da bashin da ya hana ni barci yana cikin abin da ya ce zai tsayar. Maganar Baba Kansila a kan harajin gida kuma tana nan tana yi mini yawo a kai, ban ajiye ta ba. Zan zauna da yaran a ƙarshen mako, wannan karon ni zan yi musu tambayoyi.

Anti Mai Takardu, akwai maƙwabcina ɗan Kumasi, takardar kwana 90 ta banki ta zo masa tun watan jiya, kunya ta hana shi gaya wa kowa sai ni. Yaushe kike zama a masallaci?

Anti_Mai_Takardu
Asabar bayan Azahar. Ya zo da ambulan ɗin duka, har waɗanda bai buɗe ba, da takardar albashinsa ta wata biyu.